Zambon da ya koma kirari: waƙoƙin pop da rok a fadar talabijin

Ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 1981, da ƙarfe 12 da minti 1 na dare a agogon gabashin Amurka, wata sabuwar tashar talabijin ta fara aiki. Hoton farko na kumbo ne yana tashi, sai ɗan sama-jannati a kan wata yana tsaye kusa da tuta, tutar kuma ɗauke da harufa uku: MTV. Gidajen da suka kama tashar a wannan dare ba su taka kara sun karya ba. Ko a tsakiyar birnin New York, inda ofishinta yake, wayar da ke rarraba tashoshi ba ta ɗauko ta ba, sai da ma'aikatanta suka ƙetare kogi zuwa garin Fort Lee na jihar New Jersey, suka taru a wani gidan cin abinci don su ga aikin hannunsu. Waƙar da aka zaɓa ta buɗe fage ita ce "Video Killed the Radio Star" ta The Buggles, ƙungiyar mutum biyu daga Ingila, Trevor Horn da Geoff Downes. Sunan waƙar kansa sanarwar mutuwa ce: hoton bidiyo ya kashe tauraron rediyo.

Mutane da yawa sun ɗauka don MTV aka yi ta. Ba haka ba ne. Ta fito tun watan Satumba na 1979, shekara biyu kafin a haifi tashar, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila da Faransa, amma a Amurka lamba 40 kaɗai ta kai. Kuma duk wanda ya saurare ta da kunnen basira ya san ba waƙar murna ba ce. Mai waƙar yana tuna zamanin ƙuruciya ne, lokacin da yaro ke kwance da dare yana murɗa akwatin rediyo yana neman muryar da yake ƙauna, sannan yana juyayin yadda na'ura ta zo ta ture mai muryar gefe. An ma shaƙe muryar Horn da gangan don ta yi kama da ta tsohon akwati. Makoki ne aka yi wa ado da kiɗa mai zaƙi. Wannan makokin ne sabuwar tashar ta ɗauka ta busa shi kamar kakakin hawan sarki, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki. Daga nan aka kafa al'adar da ta ratsa tarihin kiɗa da talabijin: duk habaicin da mawaƙa suka jefi allo da shi, allon yakan cafe ya mayar da shi kirarinsa.

Mai karatun da ya san fada ba zai sha wahalar gane wannan zama ba. Makaɗi da ubangida suna da tsohuwar yarjejeniya, tun daga Narambaɗa a Isa har Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram: sarki ya ba da doki da riga, makaɗi ya ba da suna. Amma makaɗi ba ya zama hannu rabbana, domin yana riƙe da zambo da habaici, kuma mai rowa ya san abin da zai biyo baya idan ya ƙulle hannunsa. Ƙarfin zambo daga wuri ɗaya yake fitowa, watau wanda aka yi wa yana da mutuncin da yake tsoron ya zube. Talabijin ya zama ubangidan mawaƙan Turai da Amurka na tsawon rabin ƙarni, shi ke ɗaga wanda ya so, shi ke rufe ƙofa. Bambancinsa da sarki shi ne, a zamanin MTV ya zama ubangidan da ba ya jin kunya. Idanu kawai yake nema, kuma zagi yana tara idanu kamar yadda yabo yake tarawa.

Da farko ba haka yake ba. Talabijin na shekarun 1950 da 1960 dattijo ne mai gudun abin faɗa, kuma ba inda aka fi ganin haka kamar shirin Ed Sullivan na daren Lahadi a tashar CBS. Ranar 9 ga Satumba 1956 Elvis Presley ya bayyana a shirin, kimanin mutum miliyan 60 suka kalle shi. Da ya komo karo na uku, ranar 6 ga Janairu 1957, sai aka ɗauki hotonsa daga ƙugu zuwa sama, don kada iyaye su ga yadda yake karkaɗa jiki. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 The Beatles suka tara miliyan 73 a wannan dandali. A watan Janairu na 1967 aka ce wa The Rolling Stones sai sun sauya kalmomin "Let's Spend the Night Together", domin gayyatar kwana tare ba ta dace da falon iyali ba. Mick Jagger ya sauya, yana juya idanu gaban kamara don kowa ya san tilas ce. A watan Satumba na wannan shekara aka nemi The Doors su cire wata kalma daga "Light My Fire" wadda ake zargin tana nufin maye. Jim Morrison ya rera ta yadda take, ba a sake gayyatarsu ba. Wannan ubangida ana iya ɓata masa rai. Saboda haka saɓa masa yana da ma'ana, yana kuma da farashi.

A Ingila wata hanya aka bi, kuma ita ce ta haifi kilip kamar yadda aka san shi. BBC ta fara shirin Top of the Pops ranar 1 ga Janairu 1964, a wani tsohon coci na birnin Manchester da aka mayar ɗakin ɗaukar hoto. Ƙa'idar shirin mai sauƙi ce: waƙoƙin da suka fi kasuwa a makon, mawaƙi ya zo ya tsaya, a sa faifai, shi kuma ya riƙa motsa baki, abin da masu finafinan Kano suke kira mamin. To idan mawaƙin yana wata ƙasa fa? Sai ya aiko da ɗan gajeren fim. The Beatles sun yi haka tun tsakiyar shekarun 1960. Amma wanda ya nuna wa kamfanonin faifai cewa akwai kuɗi a cikin lamarin shi ne Queen. A watan Nuwamba na 1975 ƙungiyar tana shirin fita rangadi, ga kuma "Bohemian Rhapsody" mai kusan minti shida, da wani ɓangare na muryoyi da aka jibga bisa juna, wanda mutum huɗu ba za su iya yin kamar suna rera shi ba sai sun zama abin dariya. Bruce Gowers ya ɗauki hotonsu cikin awa huɗu a kan kimanin fam 4,500. Waƙar ta yi mako tara a matsayi na ɗaya, fuskoki huɗun nan da ke fitowa daga duhu kuma suka manne mata har yau. (Faransa ma tana da nata haƙƙin a wannan tarihi. Tun 1960 akwai Scopitone a gidajen shan kofi, akwati ne da ake jefa masa kuɗi ya nuna fim ɗin waƙa, kuma Claude Lelouch ya yi irin waɗannan finafinai kafin ya yi suna a silima. Har ma'aikata ƴan Magrib da ke zaune a Faransa an yi wa nasu.)

Wannan tarihi ne ya sa shekarun farko na MTV suka cika da ƴan Ingila. Kamfanonin Warner da American Express ne suka haɗa jari suka kafa tashar, dabararsu kuma ta ɗan kasuwa ce tsantsa. Kowace tasha tana kashe kuɗi ta shirya abin da za ta nuna, ita kuwa kamfanonin faifai ne suke kawo mata kilip kyauta, saboda a wurinsu kilip talla ce. Ke nan tasha ce mai nuna talla awa 24, tana kuma sayar da filin wata tallar a tsakani. Sai dai kayan ba su wadata ba. Mawaƙan Amurka kaɗan ne suke da kilip, ƴan Ingila kuwa suna da su jibge saboda Top of the Pops. Haka Duran Duran, da hotunan da Russell Mulcahy ya ɗauko musu a Sri Lanka a 1982, suka shiga gidajen Amurka ta ido kafin rediyo ta san da su. Masu shagunan faifai a garuruwa irin Tulsa suka fara ganin yara suna tambayar waƙoƙin da babu gidan rediyon garin da ke sa su. Mulcahy ɗin nan shi ne ya yi kilip ɗin The Buggles.

Sabuwar fadar tana da nata shingen, kuma shingen launi ne. Shugabanninta sun ce tashar rok suka kafa, rok kuma a lissafin rediyon Amurka na lokacin kiɗan farar fata ne, duk da cewa Chuck Berry da Little Richard ne suka aza harsashinsa. Baƙaƙen mawaƙa suna da Soul Train na Don Cornelius, wanda ya bazu a ƙasar tun 1971, suna da tashar BET, sai su tsaya can. Rick James, wanda "Super Freak" ɗinsa ta cika kasuwa amma MTV ta ƙi kilip ɗinta, ya fito fili ya kira abin da sunansa. A farkon 1983 David Bowie, yana zaune a ɗakin MTV ana hira da shi, ya juya tambayar kan mai gabatarwa Mark Goodman: me ya sa baƙaƙen mawaƙa ba su da yawa a tashar, kuma waɗanda ake nunawa sai tsakar dare? Goodman ya amsa da cewa dole su yi la'akari da ƙananan garuruwan tsakiyar ƙasar, inda mawaƙi irin Prince zai iya tsorata mutane. Bowie ya saurare shi da fuskar da ta fi kowace amsa. Hirar ta zama abin tarihi, ana yawan nuna ta, musamman bayan rasuwarsa a 2016, kuma MTV da kanta ta sake fito da ita.

Amma ba kunya ce ta buɗe ƙofar ba. "Billie Jean" ta Michael Jackson ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a watan Maris na 1983, a watan ne kuma kilip ɗinta, wanda Steve Barron ya shirya, ya shiga jerin MTV. Walter Yetnikoff, shugaban kamfanin faifai na CBS, ya ce sai da ya yi barazanar janye duk mawaƙan kamfaninsa sannan aka karɓa. Shugabannin tashar sun musanta, sun ce da ganin kilip ɗin suka so shi. Ko wanne ne ya faɗi gaskiya, lissafin ɗaya ne: a bayan Jackson akwai kamfani mai ƙarfi da kasuwar da ba a iya kawar da kai daga gare ta. Ranar 2 ga Disamba 1983 tashar ta fara nuna "Thriller" na John Landis, fim na kusan minti 14 da ya ci kimanin dala 500,000 (dalar Amurka, ba dalar kasuwar Maraɗi ba), tana sanar da lokacin da za a maimaita shi kamar wasan ƙwallo. Tashar da ta yi ta asara tun kafuwarta sai a 1984 ta fara ganin riba. Wanda aka tsayar a bakin zaure shi ya ciyar da gidan. Bayan shekara biyu, a kilip ɗin "Walk This Way" na 1986, aka nuna Run-DMC da Aerosmith suna atisaye a ɗakuna biyu da bango a tsakani, har Steven Tyler ya fasa bangon da sandar makirfo. Hoto ne mai kyau, kuma MTV ta yi ta nuna shi kamar ba ita ta yi ginin ba. A 1988 ta buɗe shirin Yo! MTV Raps, ya zama ɗaya daga cikin mafi farin jini a tashar.

Waƙar da ta fi kowace bayyana wannan zaman doya da manja ita ce "Money for Nothing" ta Dire Straits, 1985. Mark Knopfler ya ba da labarin asalinta: ya shiga wani shagon kayan lantarki a New York, bango guda cike da akwatunan talabijin duk an kama MTV, wani ma'aikacin shagon yana tsaye yana kallo yana gunaguni. Knopfler ya ari takarda da alƙalami ya riƙa rubuta abin da mutumin ke faɗa. Don haka muryar da ke cikin waƙar ba ta mawaƙin ba ce, ta ɗan dako ce mai ɗaukar firji da akwatin talabijin, wanda yake ganin waɗannan samari masu ɗan kunne suna tara dukiya da mata ba tare da sun yi gumi ba. Habaicin kaifi biyu gare shi. Yana yankan ɗan dakon saboda hassadarsa da bakinsa marar linzami, har da wata kalmar cin mutunci da ta sa hukumar kula da ɗa'ar gidajen rediyo ta Kanada ta hana sa cikakkiyar waƙar a farkon 2011 kafin ta sassauta a wannan shekara. Yana kuma yankan mawaƙan, domin a ƙasan ransa Knopfler ya san mutumin bai yi ƙarya duka ba. Ƙarar gitar da ke buɗe waƙar, mai kauri da ƙaiƙayi, ita kanta kamar tsaki ce.

Sai dai a kan wannan habaici aka ɗora wani abu. Tun 1982 MTV tana da wata talla inda manyan mawaƙa irin Mick Jagger da Pete Townshend suke umurtar yara su kira kamfanin wayar garinsu su ce suna son MTV ɗinsu. Sting, wanda ya ziyarci ɗakin ɗaukar sauti a tsibirin Montserrat lokacin da ake aikin, ya rera wannan taken tallar da siririyar murya a farkon waƙar da ƙarshenta, a kan karin wata tsohuwar waƙar ƙungiyarsa The Police. An yi shi ne da gatse. Amma gatse ba ya tsira idan aka maimaita shi sau dubu. Knopfler ba ya son kilip, sai da Steve Barron ya bi shi har Budapest ya lallashe shi. Aka yi kilip da mutanen zane na kwamfuta, irinsa na farko-farko da jama'a suka gani, waƙar ta yi mako uku a matsayi na ɗaya a Amurka, MTV ta ba ta kyautar kilip mafi kyau na 1986. Ranar 1 ga Agusta 1987, da aka buɗe MTV ta Turai, ita aka fara sawa. Yaron da ke kallo a Landan ko Amsterdam ba ɗan dako ya ji ba, ya ji fitaccen mawaƙi yana rera sunan tashar da murya mai daɗi.

Queen ma sun faɗa wannan rami da idonsu biyu. "Radio Ga Ga", wadda mai ganga Roger Taylor ya rubuta ta fito a farkon 1984, kuka ce a kan yadda aka bar rediyo ta zama hayaniyar bayan fage alhali ido ya ƙwace komai. Aka yi mata kilip mai tsada da gutsattsarin fim ɗin Metropolis na Fritz Lang, na 1927, da taron mutane suna ɗaga hannu suna tafi biyu-biyu. Ranar 13 ga Yuli 1985, a filin Wembley, mutum 72,000 suka ɗaga hannu suka yi wannan tafi daidai ba tare da an koya musu ba. A talabijin suka gani. Waƙar kare rediyo ta zama babbar shaidar nasarar allo.

Na Neil Young ya fi ban dariya. A 1988 ya yi "This Note's for You", yana zambo ga mawaƙan da suke sayar da muryarsu ga kamfanonin lemo da giya. Kilip ɗin, na Julien Temple, har da mai kama da Michael Jackson gashinsa na cin wuta, kamar yadda ya faru da gaske a wurin ɗaukar tallar Pepsi a watan Janairu na 1984. A nan zambon ya taɓa inda ke da zafi, watau aljihun masu ba da talla, MTV kuwa ta ƙi nuna shi. Aka yi ta surutu a jaridu, wata tashar kiɗa ta Kanada tana nuna shi jama'a na so. Sai MTV ta juya, ta sa shi, a watan Satumba na 1989 kuma ta ba shi kyautar kilip mafi kyau na shekara. Young ya ci nasara, in ana kiran wannan nasara. Haka Nirvana, waɗanda suka mayar da mamin na Top of the Pops abin wasa a ƙarshen 1991, suka kuma kwaikwayi shirye-shirye irin na Ed Sullivan a kilip ɗin "In Bloom": kyauta suka samu daga MTV a 1993.

Kada a ɗauka duk abin da allo ya taɓa ya lalace. Akwai kilip da suka zama aikin fasaha na kansu, kuma akwai waƙoƙi masu kyau da ba don hoto ba da sun nutse. "Take On Me" ta a-ha, ƴan ƙasar Norway, ta fito a 1984 ba ta yi kasuwa ba. Aka sake ɗaukar ta, Barron ya yi mata kilip inda aka bi hotuna kusan 3,000 da fensir ɗaya bayan ɗaya, sai ga ta a matsayi na ɗaya a Amurka a watan Oktoba na 1985. Amma ribar tana tafe da hasara wadda ba a cika lissafa ta ba. Mai sauraren rediyo shi ke zana hoton waƙa a zuciyarsa, da fuskar wadda yake so da titin garinsu, don haka waƙa ɗaya tana da hotuna adadin masu jin ta. Kilip yana ba kowa hoto ɗaya, wanda wani ya zaɓa, kuma da wuya a kankare shi. Wa zai ji "Take On Me" yau bai ga hannun zane yana miƙowa daga cikin takarda ba? Waɗansu mawaƙa sun ga wannan sun ja da baya. George Michael ya ƙi fitowa a kilip ɗin "Freedom! '90", David Fincher ya ƙona rigar fatar da aka san shi da ita, amma da aka sa fitattun mata masu tallar tufafi su yi mamin a madadinsa, sai kilip ɗin ya fi na baya farin jini. Pearl Jam kaɗai suka bi hanyar da fadar ba ta iya haɗiyewa: bayan "Jeremy" ta ci kyautar 1993, suka daina yin kilip har 1998.

Inda ikon hoto a kan waƙa ya kai matuƙa, har ya zama abin tsoro, shi ne ranar Live Aid ɗin nan ta 1985. Asalin taron ma talabijin ne: rahoton Michael Buerk na BBC daga Korem ta ƙasar Habasha, ranar 23 ga Oktoba 1984, shi ya tayar da Bob Geldof. A Wembley, David Bowie ya rage waƙa ɗaya daga nasa lokacin don a nuna wani ɗan fim da ma'aikatan tashar CBC ta Kanada suka haɗa: yaran Habasha da yunwa ta cinye, ɗaya yana ta ƙoƙarin miƙewa tsaye, a ƙarƙashi kuma "Drive" ta The Cars tana tafiya a hankali. Waƙar soyayya ce, wani yana tambayar macen da rayuwarta ke wargajewa wa zai kula da ita. Ba ta da alaƙa da fari ko yaƙi. Amma da aka ɗora ta a kan waɗannan hotuna sai kowace tambaya a cikinta ta koma kan mai kallo, kuɗin taimako suka ƙaru nan take, waƙar ta sake hawa jerin kasuwar Ingila. An ceci rayuka da kuɗin, wannan ba abin musu ba ne. Duk da haka, dabarar kilip ce aka yi wa mutuwa: yaro marar suna, marar harshe, marar tarihi, an mayar da shi hoton rakiyar waƙar wani. Ba a ji makaɗin Habasha ko ɗaya ba a dandalin Landan ko na Philadelphia. Waɗanda suka rayu a wannan fari a Nijar, wanda jama'a suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya a 1984, sun san yunwa tana da sanadi da sunaye da siyasa. Minti huɗu na kiɗa mai taushi ba su da wurin ɗaukar ko ɗaya daga ciki, kuma wannan hoto na Afirka ya daɗe a idon Turai fiye da yunwar kanta.

Fadar ba zambo ne ya rushe ta ba, lissafi ne. Mai kallon kilip yana sauya tasha da zarar waƙar da ba ya so ta shigo, masu talla kuwa suna son wanda zai zauna rabin awa. Daga 1992, da shirin The Real World, MTV ta fara maye gurbin kiɗa da shirye-shiryen leƙen rayuwar mutane. Afirka ta samu nata reshen a makare: MTV Base ta fara aiki a nahiyar a watan Fabrairu na 2005, bayan MCM Africa da Channel O sun riga sun koya wa samarin Yamai da Damagaram yadda ɗan rap yake tsayawa gaban kamara. A wannan watan ne aka kafa YouTube. Top of the Pops ya tsaya a watan Yuli na 2006 bayan shekara 42. A 2010 MTV ta cire kalmomin da ke cewa ita talabijin ɗin kiɗa ce daga tambarinta. Ranar 31 ga Disamba 2025 aka rufe tashoshinta na kiɗa zalla a Ingila da wasu ƙasashe. A tashar MTV Music ta Ingila, kilip na ƙarshe da aka nuna kafin allo ya ɗauke shi ne na The Buggles.